Waɗanda suka taɓa hawa gangaren duwatsun Idaho da Nebada, ku ba mu labari

Daga Boise, jihar Idaho a Amurka: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sa sunana cikin masu aikin sa kai da za su dasa itacen da ake kira sagebrush a tsaunukan bayan gari cikin watan Maris. Wuta ce ta cinye wurin, kuma an ce gangaren a tsaye yake, duk tsakuwa. Watana huɗu da zuwa, kuma gaskiya idona bai kama abin da mutanen nan suke jimamin rasawa ba. 'Yan itatuwa ne masu ruwan toka da ciyawa jefi-jefi. Waɗanda suka riga ni hawa, me kuka tarar?

Daga Logan, Yuta: Wa alaikumus salam ƙanena. Ranar da na fara murza ganyensa a hannu sai na tsaya cak, domin ƙamshin tazargade ne sak, irin wanda kakata take jiƙa mana. Ashe danginsu ɗaya, Artemisia. Tun ranar nake ce masa tazargaden dutse. Ka duba bakin ganyen, za ka ga haƙora uku.

Abin da ya sa na fara ganin girmansa saiwarsa ce. Mun taɓa haƙa gefen wani da tsayinsa bai wuce ƙuguna ba, muka bi saiwar cikin tsagin dutse har ƙarfinmu ya ƙare, ita ba ta ƙare ba. A jami'armu ta nan ne masana biyu, Richards da Caldwell, suka nuna a 1987 cewa da dare itacen yana jawo ruwa daga ƙasa can ciki ya sake shi a busasshiyar ƙasar sama. Wurin da ruwan shekara yawancinsa dusar ƙanƙara ce, rani kuma ƙamas, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga Reno, Nebada: Ni wutar na gani. A Yulin 2018 ina tuƙin babbar mota ta hanyar garin Winnemucca lokacin gobarar Martin, wadda ta ci sama da eka 400,000. Bayan shekara biyu na bi ta gefen wurin, ba itace ko ɗaya, sai wata baƙuwar ciyawa da suke kira cheatgrass ta shimfiɗe kamar tabarma. Daga Turai da Asiya ta shigo a ƙarshen ƙarni na 19. Tana tsirowa kafin kowa, ta shanye danshin, zuwa Yuni ta bushe. Ciyawar asali tushe-tushe take fitowa, da fili a tsakani, don haka wuta takan rasa abin kamawa ta mutu. Baƙuwar ita ce ta cike filin. Shi kuma babban sagebrush in ya ƙone ba ya tohowa daga kututture, sai dai daga iri, kuma yana ɗaukar shekaru gommai. Kafin ya kawo ƙarfi wata wutar ta dawo. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar.

Daga Boise, wata 'yar'uwa: Na yi dashen nan sau uku bayan gobarar tsaunin Table Rock na bayan garin nan ta 2016. Malam, ka sayi takalmi mai kama idon sawu. Karona na farko da takalmin gudu na je, tsakuwa ta zame da ni, na yi mako biyu ina ɗingishi. A kaikaice ake tafiya, ba a miƙe wa hawan kai tsaye.

Ka lura da fuskar tsaunin. Gefen da ke kallon kudu rana tana dukansa, ƙanƙara ta narke da wuri, dashenmu da yawa a can ya mutu. Gefen arewa kuwa ƙasar tana riƙe sanyi, ciyawar ta fi kauri. Inda muka fi dacewa shi ne gindin dutse ta ɓangaren inuwa. Ka danne ƙasar sosai, kada iska ta rage a jikin saiwa. Sannan akwai wani baƙin ɓawo a kan ƙasa tsakanin tushen ciyayin, kada ka taka shi in da hali. Abu ne mai rai, shi ke riƙe ƙasar.

Daga Ontario, Oregon: 'Ya'yana, ni da kiwo na tashi, don haka da idon makiyayi na kalli wurin. Ciyawar da suke kira bluebunch tamkar gamba take, dunƙule guda mai shekaru. A kwari kusa da ruwa ta yi ƙaranci. Amma da na hau gangaren babban kwazazzabon da ake kira Hells Canyon, inda saniya ba ta son hawa, sai na same ta cike har gwiwa. A nan na gane yadda ƙasar take tun asali. Ban yarda a ɗora wa shanu laifin duka ba. Lokacin kiwon ne matsalar. In aka cinye ta daidai sanda take fitar da kara, shekara bayan shekara, tushen zai mutu. Haka muka rasa gamba a wurare da dama a gida.

Daga Logan, Yuta: Gaskiya ne Baba. In ƙara da cewa akwai tsuntsu mai kama da babbar fakara, sage-grouse, wanda a lokacin sanyi kusan ganyen itacen nan kaɗai yake ci. Barewar dutse ma gangaren kudu take sauka ta yi hunturu.

Daga Reno, Nebada: Kada ka zura hannu ƙarƙashin dutse ba ka duba ba, akwai maciji mai kaɗa wutsiya. Kuma 'ya'yan cheatgrass suna maƙale wa safa kamar ƙarangiya. Ka cire su kafin ka bar wurin, kada ka kai irin wani tsaunin.

Daga Boise: Allah ya saka da alheri. Yau da yamma na hau bayan unguwarmu na murza ganyen, tazargade ne kuwa. Yaya, masu shirya aikin ne suke ba da abin haƙa ko in zo da nawa?

Daga Boise, wata 'yar'uwa: Mu dai sun ba mu. Safar hannu da ruwan sha ne naka.