Neman mai zane don wasan tebur: wa ya taɓa zuwa Mboa BD?

Sadiƙu Garwa: Salamu alaikum jama'a. Wasan nan da muke bugawa ran Asabar a kan Sao, mutanen da can na yankin tafkin Cadi, na gama rubuta ƙa'idojinsa, shafi 24, saura zane kawai. Ina so in sauka Yawunde lokacin Mboa BD, bikin nan na masu zana littattafan labari cikin hotuna (BD), in nemi mai zane, wanda ya taɓa zuwa dan Allah ya faɗa min yadda ake tunkararsu, kar in je in yi ta zagaya tebura kamar baƙon kasuwa

Ummi: Wa alaikumus salam. Masha Allah, a ƙarshe dai!

Baffa Ngawundare: Na je sau biyu. Tun 2010 ake yinsa, Yawunde da Duwala, wajen ƙarshen shekara. Ka hau mota zuwa nan ka kwana wurina, da yamma ka shiga jirgin ƙasa, gari na wayewa kana Yawunde. Amma kar ka je da baki kawai, ka tafi da wasan a buge ko fotokofi ne, da ɗan ludo biyu a aljihu

Sadiƙu Garwa: Na gode Baffa, Allah ya bar zumunci

Hadiza mai zane: Sadiƙu bari in faɗa maka daga ɓangarenmu don abin nan ya taɓa cina. Shekara biyu da suka wuce a wani taro, ba zan faɗi wanne ba, ina zaune a teburina da ƴan littattafaina wani ya zo ya ce yana da wasan kwaikwayon tebur, kowa ya ɗau mutum guda a labari, mai ba da labari na ja, ana jefa ɗan ludo a ga abin da zai faru. Wlh abin ya burge ni don kamar tatsuniya ce da kowa ke da baki a ciki. Ya ce zane 12 yake so, kuɗi babu yanzu amma idan an sayar za mu raba, ni kuma na yarda ba takarda ba shaida sai saƙon murya a WhatsApp. Wata biyu ina kai, ga ɗauke wuta, wani dare da fitilar waya na ƙarasa inkin wata dorina ƙanwata na riƙe min wayar har hannunta ya gaji, shi kuma kullum a sake wannan, hular ba haka ba, takobin ya yi gajere, zane ɗaya sai da na yi shi sau 5. Da na tura masa duka sai shiru. Daga baya wata ƙawata ta turo min hoton riga an buga dorinata a ƙirji ana sayarwa, ko sunana babu, sa hannun da na yi a ƙasa ma an yanke shi. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake. To idan ka je ka faɗi adadin zanen da girman kowanne tun farko, ka ba da rabin kuɗi kafin a fara, gyara sau biyu kuma a kan zanen fensir, ba bayan an sa inki ba, sannan ku rubuta a takarda ko zanen na littafi ne kaɗai ko har da riga da fosta, kuma sunan mai zane ya hau bango. Ko jaka biyu ce a kan zane ka faɗa da gaskiya, wanda zai iya zai karɓa

Ummi: Kai, Allah ya isar miki Hadiza

Malam Yaya Kusiri: Amin. Ƴata wannan zalunci ne, haƙƙi kuma ba ya ɓata

Ɗanjuma: Ni tambayata ɗan ludon nan, a unguwarmu ana ganinsa sai a ce caca muke. Baban wani yaro har gida ya zo

Baffa Ngawundare: Caca sai da kuɗi. Ka zaunar da shi ya ga zagaye ɗaya

Ɗanjuma: Ya ƙi zama fa

Malam Yaya Kusiri: Ku yi da kati mai lamba 1 zuwa 6 a cikin hula, kowa ya zara, haka nake yi da ɗalibaina ba wanda ya taɓa magana

Abakar Njamena: Sadiƙu tunda Sao ne me ya kai ka kudu tukuna? Ka zo nan mu je Gawi, ƙauyen nan kusa da Njamena, ga gidan tarihi a tsohon gidan sarki, ga tukwanen ƙasa manya manya, ga zanen da mata ke yi a jikin bango. Wanda bai taɓa ganin kogunan Shari da Lagwan ba zai zana maka kurmi ne da bishiyar ayaba

Baffa Ngawundare: Haba Abakar, ƴan kudu sun iya aiki. Dubi Kiro'o Games a Yawunde, wasan bidiyonsu Aurion ya fito 2016 a kwamfuta, daga baya suka mai da shi BD. Ka ba mutum hotuna masu kyau zai zana

Abakar Njamena: Ban ce ba su iya ba, cewa na yi ido ya fi hoto

Ummi: Ku biyun nan kullum sai kun yi 😂

Hadiza mai zane: Dukanku da gaskiya. Ka tara hotuna a waya, rawani, kwalekwale, tulu, ginin ƙasa. Kuma kar ka tare mutum yana tsakiyar ciniki, ka sayi littafinsa ko ɗaya ne, ka karanta, da yamma in taro ya lafa ka ce ya zo ku buga na minti 20. In ya ji daɗin wasan shi da kansa zai fara zana mutumin da ya ɗauka a gefen takarda, a nan za ka gane hannunsa

Sadiƙu Garwa: Wannan ta shige ni sosai. To kala ko baƙi da fari?

Baffa Ngawundare: Baƙi da fari, layi mai kauri, shi ke jure fotokofi. A4 ka ninka biyu ya zama A5, shafi 24 takarda 6 kenan gaba da baya, sai ka danna masa ƙusa biyu a tsakiya. Ka ce mai zanen ya yi sikan 300 dpi, kar ya turo ta WhatsApp a matsayin hoto don matse shi yake

Ɗanjuma: Kickstarter fa, shafin nan na tara kuɗin aiki a intanet?

Baffa Ngawundare: Ba ya karɓar masu buɗe aiki daga Kamaru ko Cadi. Mu haɗa a nan ta Orange Money, ni na sa jaka biyar

Malam Yaya Kusiri: Jaka uku daga gare ni, in Allah ya kai mu ƙarshen wata

Ummi: Wai ni Sadiƙu ga Hadiza a zaure kana neman tafiya Yawunde?

Hadiza mai zane: Hannuna a cike yake har bayan sallah, amma bangon zan iya duba shi in ka turo min labarin

Abakar Njamena: Baffa in zai wuce ta wurinka a aiko min da kilishi

Ɗanjuma: Asabar ɗin nan gidan wa ake bugawa? Ni dai ba gidanmu ba