Wai ina amfanin wannan x da y ɗin ne?

Ɗan SS2:
Salam 'yan uwa, don Allah tambaya gare ni. Tarawa da debewa na gane amfaninsu a kasuwa, amma aljebra da jometiri fa, ina mutum zai haɗu da su in ya gama makaranta? Wallahi kaina ciwo yake.

Malamin firamare:
Ƙanena ai rabon gado ma lissafi ne, rabi, sulusi, sumuni duk ɓangarori ne, kuma kalmar aljebra daga al-jabr ta fito, Al-Khwarizmi ne ya yi rubutu a kanta a Bagadaza wajen shekara ta 820, har da matsalolin gado a ciki.

Magini:
Ni ban yi boko sosai ba amma kullum in zan fitar da kusurwar ɗaki sai na auna ƙafa 3 nan, 4 can, in tsakaninsu ya ba da 5 to ta miƙe, wai ashe jometiri kenan, yarona ne ya faɗa min.

Hajiya mai shago:
Ƙididdiga fa? Da ita ake ƙidayar jama'a da hasashen damina.

Ɗan SS2:
To kalkulas fa Malam?