Musayar waƙa kan Cannabich, jagoran makaɗan fadar Mannheim

Malam Sabo:
Salamu alaikum jama'a, yau wani Bajamushe na kawo mana, Christian Cannabich, wanda ya riƙe makaɗan fadar sarki Karl Theodor, kuma wlh abin da ke ci min rai duk mai ambatonsa sai dai ya ce abokin Mozart, shahararren mai tsara kiɗan nan, kamar shi ba shi da nasa aikin. Amsa-amonmu "wa" ne, bismillah.

Da sunan Allah zan fara jerawa,
Mannheim ta Jamus ce garin haihuwa,
1731, kar a yi mantuwa,
Uba makaɗin fada ne mai busa sarewa,
Ɗa ya ɗau goge tun bai gama tasawa.

Anti Bilki:
Malam ka buɗe, bari in ɗora.

Gun Johann Stamitz, babban mai gogen fada, ya fara koyowa,
Sarki ya tura shi Rum don ƙaruwa,
Gaban Jommelli mai tsara kiɗa ya yi ta durƙusawa,
1774 ragama ta zo hannunsa, ta kowa da kowa.

Ɗan Auta:
Afuwan manya, ni fa na saurari kiɗansa guda biyu a YouTube kuma gaskiya ban ji abin da ya girgiza ni ba.

Sinfoni fiye da saba'in ya yi rubutawa,
Da kiɗan rawar fada masu yawa,
Yau wa ke kaɗa su, wa ke saurarawa?
Ba don Mozart ba da tuni an yi binnewa.

Malam Sabo:
Ƙanena ai ba a takarda kaɗai ake neman gwanintarsa ba, a riƙon mutane take, kai dai tara masu goge cike da zaure ka ce su ja izga lokaci guda ka ga yadda ake shan wuya.

Izga ta hau tare, tare take saukowa,
Ya gyaɗa kai kawai, kowa na ganewa,
Kiɗa ya faro kamar raɗa yana ƙaruwa,
Kamar hadarin gabas har ya kai ga tsawa,
Burney na Ingila, marubucin tarihin kiɗa, ya zo gane wa idonsa kuwa,
Rundunar janar-janar ya kira su don yabawa.

Anti Bilki:
Kuma Auta tunda Mozart ka kawo, to shi ne ma shaidarmu.

1777 ya iso Mannheim aiki yake nemowa,
Gidan Cannabich kullum yake zuwa,
Ya koyar da Rosa, 'yar gida mai baiwa,
Har da sonata ya yi mata don tunawa,
Ya rubuta wa babansa ba ɓoyewa,
Bai ga jagora kamarsa ba a rayuwa,
Makaɗansa na sonsa, suna kuma shakka da girmamawa.

Baba Ilu:
'Ya'yana ku bar wa tsoho ƙarshen labarin, shi ne ya fi taɓa ni.

1778 fada ta yi ƙaura, Munich aka komawa,
Cannabich ya bi sarki, can ya ci gaba da kaɗawa,
1781 Idomeneo, wasan waƙe na Mozart, ranar buɗewa,
Shi ke gaban makaɗa yana jagorantawa,
1798 ya je Frankfurt gun ɗansa Carl gaisawa,
Can ajali ya same shi, ba dawowa.

Ɗan Auta:
Baba wannan ta shige ni, ban san a wajen ziyarar ɗansa ya rasu ba.

Na ji, Malam, zan koma in sake saurarawa,
Kunnena kan masu goge zan ɗorawa,
Faɗa min wadda ya dace in yi farawa.