Muhawara: Shin JavaScript gurgu ne wajen gado?

Mai ƙorafi: Assalamu alaikum. A yaren rubuta manhaja na JavaScript ina da abu (object) guda da nake so ya gaji halayen abubuwa biyu, ɗaya mai adana bayanai, ɗaya mai aika saƙo, amma JavaScript ya ce uba ɗaya tak kowane abu zai samu. Yaren Self na David Ungar da Randall Smith yana barin abu ya sami iyaye da yawa tun shekarun 1980, kuma daga can Brendan Eich, wanda ya ƙirƙiri JavaScript, ya ɗauko tsarin a 1995, sai ya bar wannan a baya. Wannan yare gurgu ne.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, yaren da kowace burauza ke aiki da shi ba a kiransa gurgu. Tun 2015 akwai Object.assign, wanda zai zuba maka halayen abubuwa biyun a wuri ɗaya.

Malama: Injiniya, da girmamawa, wannan kwafi ne. Idan aka sauya wani hali a jikin uban bayan an kwafa, ɗan ba zai ga sauyin ba, alhali a gado na gaskiya duk lokacin da aka nemi hali sai an bi sarƙar iyaye har a iske shi. Gurgu dai gurgu ne ko da sanda.

Injiniya: Malama, wa ya taɓa biyan ki albashi don kin rubuta Self?

Ɗalibi: Ranku ya daɗe, a yaren Python aji (class, wato tsarin da ake ƙera abubuwa da shi) yana gadon azuzuwa da yawa, kuma tsarin C3 yana tantance wanda za a fara dubawa idan suna ya zo ɗaya.

Malama: Yaro, ana maganar yaren da babu aji a tushensa, ka kawo mana Python. Da ka ce yaren Lua, inda ake sa __index, wato wurin da ake dubawa idan ba a sami hali a jikin abu ba, ya zama aikin da zai leƙa iyaye ɗaya bayan ɗaya, da na saurare ka.

Ɗalibi: Ba yau Malama ta fara raina Python ba.

Shugaban zaure: An rufe wannan zance. Abin da ya bayyana shi ne JavaScript lafiyarsa ƙalau, Injiniya ya kawo mafita, Malama kuma ta tsaya kan ƙananan bayanai. Mai ƙorafi ya janye kalmar gurgu kafin ya sake rubutu.