Tutoriyal ɗin fiziks: in biya ko in haƙura?

Maryam_Jahun: Salamu alaikum. Ina aji ɗaya, saura sati uku mu yi tes. Dimenshon na gane shi, har zan iya fitar da cewa akselereshan (saurin sauyawar gudu) LT⁻² ne, amma da aka shiga babin juyawa, su omega (gudun juyi) da alfa (saurin sauyawar gudun juyin) da radiyan (ma'aunin kusurwa), wallahi kaina ya kulle. Akwai wani ɗan aji huɗu mai tutoriyal dubu biyar, ni kuma dubu bakwai ce ta rage min har ƙarshen wata. In biya ko in zauna in fafata da kaina?

Babayo_Wunti: Wa alaikumus salam. Dimenshon ai ba wuya ƙanwata, M na mas da L na tsawo da T na lokaci ne kawai, ki riƙe su.

Maryam_Jahun: Yaya Babayo ai shi na ce na gane

Auwal F/Mada: Kar ki biya. Ni na biya bara, mu wajen talatin a aji ɗaya, mutumin ba ya bayani sai dai ya cika allo da fomula ya ce ku haddace wannan zai fito, sati biyu ya yi mana ya ɓace, wayarsa a kashe. Ranar jarrabawa aka ce fanka tana juyi 300 a minti ɗaya, aka kashe ta ta tsaya cikin sakan 10, nemo alfa. Na raba 300 da 10 na rubuta 30 har da ja masa layi biyu. Ashe sai ka mayar da shi radiyan a sakan tukuna, 300 sau 2π a raba da 60, ya ba ka 31.4, sannan ka raba da 10, wato gudun juyinta na raguwa da radiyan 3.14 a sakan, kowane sakan. Abin haushin na duba dimenshon ɗina ya fito T⁻² daidai, na fito ina murna, ban san minti da sakan duk T ba ne, radiyan kuma ba shi da dimenshon sam, to ta ina zai kama min kuskuren? Ga ni nan da kari-oba, ina zama da ƙannena a aji.

Zee Pantami: Dubu biyar? Mu nan Gombe takwas ake karɓa.

Babayo_Wunti: Uku ne fa, sai dai in ya ga ke sabuwa ce ya ɗora miki.

Injiniya Sale: Auwal laifinka ne, ba na mai tutoriyal ba. Maryam ki ɗauki majajjawa a ranki. Dutsen yana zagaye da gudu iri ɗaya amma alƙiblarsa tana sauyawa kowane lokaci, shi ya sa yake da akselereshan mai nufar tsakiya, v²/r (v gudunsa, r tsawon igiyar), igiyar ce take jawo shi. Kina saki ya miƙe ɗoɗar. Sauran fomulolin kuwa na tafiya a miƙe ne aka sauya musu riga, omega a gurbin v, alfa a gurbin a.

Auwal F/Mada: Injiniya kai da ka gama shekara nawa? Wanda ke cikin ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Injiniya Sale: Wanda ya faɗi kwas ɗin shi ne zai ba da fatawa a kansa?

Zee Pantami: Ku bari don Allah, ai ba don ku aka yi tambayar ba

Dan_Yelwa: Ni tambayata, a ina malamin ya samu wutar da fankar ta kai 300? Ta ɗakinmu alfa sifili, omega sifili, kwana huɗu kenan 😂

Babayo_Wunti: Ai zancen kenan. Daren jiya da tocilan waya na yi karatu, sauro na ci na, da safe mai caji ya ce ɗari biyu.

Zee Pantami: Wane ɗari biyu, mu ɗari da hamsin ne, amma sai ka tsaya a kai don za su sauya maka caja.

Dan_Yelwa: Ni batirin pawa bank ɗina ma suka kumbura min, na je magana ya ce haka na kawo shi.

Maryam_Jahun: Injiniya, to ita igiyar in an ƙara mata tsawo fa?

Auwal F/Mada: Dan_Yelwa wane mai cajin ne, na bakin masallaci ko na kusa da mai shayi?