Robert Johnson: koyo ne ko ciniki da Shaiɗan?

Auwal: Jama'a, ina son jin ra'ayinku. Ana cewa Robert Johnson, mawaƙin blues (wani salon kiɗa na baƙaƙen fatar Amurka) na jihar Misisipi a Amurka, ya je mararraba da tsakar dare, Shaiɗan ya karɓi jitarsa ya ɗaure mata tsirkiya, shi kuma ya miƙa ransa. Ni na yarda da walakin. Son House, wani makaɗin blues da ya girme shi, ya ce yaron bai iya komai ba, ya ɓace, ya dawo ya gagari manya. Ga shi ya rasu a 1938 yana ɗan shekara 27.

Malam Sani: Auwal, ba ɓacewa ya yi ba, koyo ya tafi. Ya koma yankin Hazlehurst inda aka haife shi a 1911, ya lizimci wani makaɗi, Ike Zimmerman. A maƙabarta suke gwaji da dare saboda can babu wanda za su dama. Kuma tun farko wani mawaƙin blues, Tommy Johnson, ake jingina wa labarin mararrabar, alhali ba su haɗa jini ba.

Hajiya Binta: Ni abin da ke min ciwo, labarin yana ƙwace masa guminsa. Talaka, baƙar fata, a zamanin wariyar launi, yana yawo gari-gari yana kiɗa a bakin titi don ya ci abinci, sai a ce ba shi ya yi ba? Masu zuwa coci a lokacin suna kiran blues kiɗan Shaiɗan. Mu ma nan da makaɗi ya shahara sai a ce yana da aljanu.

Auwal: To Hajiya, me ya sa sunansa ya danne na sauran?

Malam Sani: Da ransa bai danne kowa ba. Charley Patton, wani mawaƙin blues na Misisipi, ya fi shi suna nesa. Waƙa 29 kawai Robert Johnson ya naɗa, a biranen San Antonio a 1936 da Dallas a 1937, a jihar Texas. Sai a 1961 kamfanin faifai na Columbia ya sake fitar da wasu daga cikinsu, samarin makaɗan Ingila irin su Eric Clapton suka ɗauka. Turawa ne suka ɗaga shi.

Musa: A nan kam Malam, a gafarce ni, ban bi ka ba. Kafin Turawan, akwai makaɗa baƙaƙen fata: Robert Lockwood a hannunsa ya koyi jita, Elmore James ya sake rera waƙarsa a 1951, Muddy Waters ya kai salon kiɗan yankin Misisipi zuwa birnin Chicago. Keith Richards, makaɗin jita na Ingila, da ya fara jin sa ya zaci mutum biyu ke kiɗa, don Johnson yana riƙe amon ƙasa da babban yatsa, sauran yatsun na bin waƙar. Wannan ba talla ba ce.

Auwal: Maganar Zimmerman ta shige ni. Mutuwar ce dai har yanzu ke tsaya min a rai.

Hajiya Binta: Ɗana, an ce guba wani miji mai kishi ya sa masa a giya kusa da garin Greenwood na Misisipi, ya yi jinya ba likita a kansa. Talaka da yawa haka suka mutu a Misisipi a 1938, ba wanda ya ambaci Shaiɗan.