RAM 8GB amma manhajata na mutuwa a 3GB, me ke jawo haka?

Ɗan Jekadafari: Salam ƴan uwa, don Allah a taimaka min. Na sa Linux 32-bit a tsohuwar kwamfutar shagonmu nan Gombe, RAM ɗinta 8GB amma duk sanda manhajata ta kusa cin 3GB sai ta mutu, na ƙara swap (wurin da ake warewa a hard disk don ya taimaka wa RAM) har yanzu shiru, abin ya dame ni wallahi.

Mai Gyaran Kwamfuta: Wa alaikassalam ƙanina. Swap ba zai maka komai ba anan, matsalar ta adireshin memory ce. A 32-bit kowace manhaja 4GB kacal take iya gani, kuma kernel (zuciyar Linux ɗin) ya riga ya yanke 1GB na sama ya riƙe wa kansa sai a bar maka 3GB, ko da PAE (dabarar da ke ba 32-bit damar amfani da RAM fiye da 4GB) ya sa injin ya ga 8GB ɗin duka to manhaja ɗaya ba ta wuce nan. In injin na ɗaukar 64-bit kawai ka sa masa Linux 64-bit, can sararin manhaja ya kai 128TB.

Ƴar Bauchi: Kafin nan duba ulimit -v (iyakar memory da aka sa wa manhaja) da dmesg (saƙonnin kernel), wani lokacin OOM killer (mai kashe manhaja in memory ya ƙare) ne ke kashe ta.

Ɗan Jekadafari: Na duba Yaya, babu iyaka, dmesg ma ba komai. In an kawo wuta anjima zan sauke 64-bit ɗin insha Allah.